Na'urar gano gas ta igiyar sautin fuska

Na'urar gano gas ta igiyar sautin fuska wata 'yar ƙaramar na'ura ce da ke gane gas ko tururin sinadari a cikin iska, ta hanyar auna canjin da ke samun wata igiyar sauti mai gudu a kan fuskar ɗan faifan kiristal. A rubuce-rubucen kimiyya ana taƙaita sunan wannan igiya da haruffan SAW. Ana shafa wa hanyar da igiyar ke bi wata siririyar shimfiɗa mai kama ƙwayoyin gas. Idan gas ya sauka a kanta, sai nauyinta ko taurinta ko yadda lantarki ke ratsa ta ya canja, gudun igiyar ma ya canja kaɗan, na'urar kuma ta mayar da wannan canji lamba.

Faifan kansa ba ya bambance wani gas da wani. Aikinsa irin na sikeli ne mai tsananin ji, wanda ke gane nauyin da bai kai kashi ɗaya cikin biliyan na giram ba. Shimfiɗar ce ke zaɓen abin da za a auna. Daga nan ƙarfin na'urar ya fito, daga nan kuma rauninta: kamar yadda take jin gas mai guba tun yana ɗan kaɗan, haka take jin zafi da danshi da ƙura.

Igiyar sautin fuska

Sauti motsi ne na ƙwayoyin abu, kowace tana tura ta kusa da ita. A cikin iska ko ruwa yana bazuwa ta ko'ina. A kan daskararren abu kuwa akwai wata igiya da ba ta nutsawa ciki, sai dai ta bi fuskar abin, wato samansa. Ƙwayoyin da ke fuskar suna zagayawa a kan ɗan kewaye mai siffar ƙwai, motsin kuma yana raguwa da sauri idan aka yi ƙasa, har kusan duk ƙarfin igiyar yana taruwa a zurfin da bai wuce tsawon zangonta ɗaya ba. Irin wannan igiya ce ke birgima a doron ƙasa lokacin girgizar ƙasa. Bambancinsu girma ne: zangon ta girgizar ƙasa yana iya kai kilomitoci, na wadda ke cikin na'urar kuwa bai kai kaurin gashin kai ba.

Zango shi ne tazarar da ke tsakanin tudun igiya da tudun da ke biye da shi. Kalmar ce masu sauraron rediyo suka sani a gajeren zango da matsakaicin zango. Yawan kaɗawa kuwa shi ne adadin tuddan da ke wucewa a daƙiƙa ɗaya, ana auna shi da haz, miliyan ɗaya na haz kuma shi ne megahaz. Idan aka ninka zango da yawan kaɗawa, abin da ya fito shi ne gudun igiyar. Waɗannan na'urori yawanci suna aiki ne daga gomman megahaz zuwa ɗaruruwa, nesa ƙwarai da abin da kunnen mutum ke ji, wanda bai wuce haz 20,000 ba.

Ana tayar da igiyar ne da wata ɗabi'a ta wasu kiristaloli da ake kira lantarkin matsi: idan aka matsa su sai su fitar da lantarki, idan aka sa musu lantarki sai su miƙe ko su tsuke kaɗan. Wannan ɗabi'a ce ke ba da tartsatsi a laitar da ake latsawa, ita ce kuma ke riƙe lokaci a agogon kwats.

Tarihi

'Yan'uwa biyu Faransawa, Jacques Curie da Pierre Curie, su suka gano lantarkin matsi a shekarar 1880. A 1885 masanin kimiyya ɗan Ingila Lord Rayleigh ya nuna da lissafi cewa igiya tana iya bin fuskar daskararren abu, shi ya sa ake kiranta igiyar Rayleigh. Shekaru da yawa masu nazarin girgizar ƙasa ne suka fi amfana da wannan ilimi.

Auna nauyi da kiristal ya fara ne da wata na'ura dabam, sikelin kwats, inda faifan gaba ɗaya ke kaɗawa. A 1959 Günter Sauerbrey na Jamus ya bayyana dangantakar nauyin da ya hau faifan da raguwar kaɗawarsa, a 1964 kuma William H. King na Amurka ya shafa wa irin wannan faifai sinadari ya gano gas da shi.

A 1965 Richard M. White da Fred W. Voltmer, a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, suka ƙirƙiro hanya mai sauƙi ta tayar da igiyar fuska kai tsaye, da siraran layukan ƙarfe da aka zana a kan kiristal. Da wannan aka ƙera matatun sigina na rada da talabijin, daga baya na wayoyin hannu. A 1979 Henry Wohltjen da Raymond Dessy, a jami'ar fasaha ta jihar Bajiniya, suka wallafa aikin farko da ya yi amfani da igiyar fuska wajen gano sinadarai. A 1982 Arnaldo D'Amico da abokan aikinsa a Italiya suka gano haidirojin da shimfiɗar ƙarfen faladiyam. A 1985 Antonio Ricco da Stephen Martin da Thomas Zipperian, a ɗakunan bincike na Sandia a Amurka, suka nuna cewa canjin wucewar lantarki a shimfiɗa shi kaɗai ya isa a gano gas.

Sassan na'urar

Sassa huɗu ne suka haɗa ta.

*Faifai.* Ɗan yankin kiristal ne mai lantarkin matsi, tsawonsa bai wuce 'yan milimitoci zuwa santimita ɗaya ko biyu ba, an goge fuskarsa kamar madubi. An fi amfani da kwats, da litiyam nayobet, da litiyam tantalet. Kusurwar da aka yanka kiristal ɗin tana da muhimmanci. A yankan kwats da ake kira ST igiyar tana gudun mita 3,158 a daƙiƙa, wato ta ninka gudun sauti a iska sau tara, zafin ɗaki kuma bai cika canja gudunta ba. A yankan YZ na litiyam nayobet gudun mita 3,488 ne a daƙiƙa.

*Mataji.* Layukan ƙarfen, na alminiyam ko zinare, siffarsu kamar mataji biyu ne da aka cusa haƙoran ɗaya a tsakanin na ɗayan ba tare da sun taɓa juna ba. Ana zana su da dabarar haske da ake ƙera ƙananan sassan kwamfuta da ita. Idan aka sa musu lantarki mai juyawa, kiristal ɗin da ke ƙarƙashin haƙoran yana miƙewa yana tsukewa, igiya ta tashi. Tazarar haƙoran ce ke yanke tsawon zango. A tsari mafi sauƙi, faɗin haƙori da faɗin filin da ke gefensa kowanne rubu'in zango ne. Haƙora masu faɗin maikiromita 5 suna ba da zangon maikiromita 20, wanda a kan kwats ya yi daidai da megahaz 158, sama da iyakar tashoshin rediyon FM da ke ƙarewa a megahaz 108.

*Shimfiɗa.* Tana kwance a kan hanyar igiyar, kaurinta galibi bai kai maikiromita ɗaya ba.

*Da'irar lantarki.* Ita ke ciyar da matajin, ta kuma karanta sakamako.

Akwai tsare-tsare biyu. A na farko, mai suna layin jinkiri, ana ajiye mataji mai aikawa a gefe ɗaya, mai karɓa a ɗaya gefen, shimfiɗar a tsakaninsu. Igiyar kan ɗauki kimanin kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ta ratsa milimita uku. A na biyu, ana jera layukan ƙarfe masu mayar da igiya a gefe biyu, sai ta riƙa kai da komo a tsakiya, abin da ke sa kaɗawar ta fi tsayuwa a wuri ɗaya.

Ko wanne aka ɗauka, abin da aka fi yi shi ne a haɗa mataji mai karɓa da amfilifaya, a mayar da siginar ga mai aikawa. Da'irar sai ta riƙa kaɗawa da kanta. Tun da tazarar haƙora ta riga ta kafe zango, duk canjin gudu zai fito ne a yawan kaɗawa: gudu ya ragu da kashi ɗaya cikin miliyan, kaɗawa ma ta ragu da kimanin haka. Ƙidayar kaɗawa kuwa tana cikin awon da lantarki ya fi ƙwarewa a kai, ana iya gane bambancin 'yan haz a cikin ɗaruruwan miliyoyi.

Yadda gas ke canja gudun igiyar

*Ƙarin nauyi*

Wannan ita ce hanya mafi sauƙin fahimta. Makaɗa kan liƙa ɗan danƙo a tsakiyar fatar ganga don muryarta ta yi kauri, saboda fata mai nauyi ba ta kaɗawa da sauri. Haka fuskar faifan take. Ƙwayoyin gas da suka shiga shimfiɗar ƙarin kaya ne da igiyar za ta ɗaga ta sauke, don haka gudunta ya ragu. Idan shimfiɗar siririya ce, ana rubuta dangantakar haka:

Δf = −k × f² × m

Δf shi ne canjin yawan kaɗawa, f yawan kaɗawar asali, m nauyin da ya hau kowane murabba'in fili, k kuma lamba ce da ta danganta da irin kiristal. Abin lura shi ne f ninki biyu take shiga: idan aka ninka ta sau biyu, amsar na'urar za ta ninku sau huɗu.

A faifan kwats mai megahaz 158, nanogiram ɗaya, wato kashi ɗaya cikin biliyan na giram, a kan murabba'in santimita ɗaya yana rage kaɗawa da kimanin haz 30. Wannan nauyin a sikelin kwats mai megahaz 10 bai kai rubu'in haz ba. Dalili shi ne a sikelin kwats ƙarfin kaɗawa ya bazu cikin kaurin faifan duka, kuma kafin a ɗaga yawan kaɗawarsa sai an sirantar da shi har ya kusa karyewa. A igiyar fuska kuwa ƙarfin yana nan a sama inda gas ke sauka, ƙara kaɗawa kuma matse haƙoran mataji kawai yake bukata. Sai dai rawar da karatun ke yi da kansa ita ma tana ƙaruwa da yawan kaɗawa, saboda haka ribar da ake samu a aikace ba ta kai ta lissafi.

*Tauri da taushi*

Shimfiɗar da ta sha tururi ba nauyi kaɗai take ƙarawa ba. Dangin roba kan kumbura su yi taushi, taushin kuma yana ƙara rage gudun igiyar, yana shanye wani ɓangare na ƙarfinta. Wasu shimfiɗu kuwa tauri suke yi, gudun ya ƙaru, har wani lokaci wannan ya rinjayi tasirin nauyi, kaɗawa ta hau maimakon ta sauka. Shi ya sa masu bincike kan auna abu biyu tare, gudun igiyar da raguwar ƙarfinta, don su raba tasirin nauyi da na taushi.

*Wucewar lantarki*

Tun da kiristal ɗin mai lantarkin matsi ne, igiyar tana tafe da nata filin lantarki, wanda ke ƙara wa fuskar ɗan tauri. Idan shimfiɗar da ke sama tana barin lantarki ya ratsa ta, sai cajin da ke cikinta ya motsa ya kashe wannan fili, taurin ya ragu, gudun ya sauka. Gas da ke ba shimfiɗar ilektoron ko ya ƙwace daga gare ta yana canja wucewar lantarkinta, ko da nauyinsa bai taka kara ya karya ba. Wannan tasiri yana da ƙarfi ne a wani ɗan tsakani kawai, inda shimfiɗar ba ta toshe lantarki sarai ba, ba ta kuma sake shi kamar ƙarfe ba, don haka sai an daidaita kaurinta da zafinta ta faɗa a wannan tsakani. An fi neman sa a kan litiyam nayobet, wanda haɗin lantarkinsa da igiya ya ninka na kwats sau wajen talatin.

Ire-iren shimfiɗa

Ana son shimfiɗar da za ta kama gas da sauri, ta fifita wanda ake nema, ta kuma sake shi idan iska ta tsarkaka. Waɗannan buƙatu suna karo da juna. Sinadarin da ya riƙe gas ɗaya kaɗai da ƙarfi ba ya son sakinsa, wanda ke saki da sauƙi kuma yakan kama kowane irin tururi.

*Folima*, wato dangin roba, suna shan tururi kamar soso, a zafin ɗaki. Yawan abin da za su sha ya danganta da yawan tururin a iska da kuma jituwar sinadaran biyu. Foli'aisobutilin ya fi shan dangin fetur. Fuloro-foliyol yana da rassa masu riƙe sinadaran fosfaras irin na gubar jijiya. Folima sun fi dacewa da tururin abubuwan da ba su cika saurin tashi ba. Gas marasa nauyi kamar haidirojin da mesen kusan ba sa zama a cikinsu.

*Ƙarafa.* Faladiyam yana iya shan haidirojin da ya ninka girmansa sau wajen 900, abin da ke canja taurinsa da wucewar lantarkinsa. Yawan sha da saki yana sa shi tsagewa ko ɓarewa daga faifan, shi ya sa ake gauraya shi da nikel ko azurfa ko zinare.

*Oksaid na ƙarfe*, kamar na zink da na kuza da na tangsten, suna aiki ta wucewar lantarki. An gwada su a kan naitirojin dayoksaid da haidirojin salfaid da amoniya. Da yawansu sai an ɗumama su kafin su amsa da sauri.

*Sababbin kayayyaki*, kamar girafin da siraran bututun kabon da kiristaloli masu ƙananan ramuka, suna da faɗin fuska mai yawa a ɗan nauyi kaɗan, ana ci gaba da gwada su a ɗakunan bincike.

Bambance gas daga gas

Da wuya shimfiɗa ɗaya ta amsa wa gas ɗaya tak, don haka ake bin dabaru uku.

Ta farko ita ce jera na'urori da yawa, kowace da tata shimfiɗa. Tururi ɗaya zai motsa wata sosai, wata kaɗan, wata ko kusa. Jimillar amsoshin kamar zanen yatsa ce ga wannan tururi, kwamfuta kuma tana kwatanta ta da waɗanda aka koya mata. Wannan tsari shi ake kira hancin lantarki. A 1993 Jay Grate da abokan aikinsa a ɗakin binciken rundunar sojan ruwan Amurka suka bayyana irinsa mai na'urori huɗu don gano gubar jijiya da gubar mastad, ɗaya daga cikin huɗun aikinta lura da danshi.

Ta biyu ita ce tara tururi. Ana zuƙo iska ta cikin ɗan bututu mai ɗauke da abin da ke riƙe tururin, bayan ɗan lokaci a ɗumama shi farat ɗaya, duk abin da ya taru ya fito tare.

Ta uku ita ce raba gaurayen kafin ya iso, ta dogon siririn bututu wanda kowane sinadari ke ratsawa da nasa saurin. Na'urar zNose ta kamfanin Electronic Sensor Technology na Kalifoniya haka take aiki. Faifanta na kwats mai megahaz 500 ba shi da shimfiɗa. Ana sanyaya shi ne tururin ya kwanta a kai, lokacin isowar kowane sinadari ya nuna ko wane ne, sannan a ɗumama faifan ya tsarkaka.

Matsaloli

Zafi ne babbar matsala. A yankan YZ na litiyam nayobet, digiri ɗaya na Selsiyas yana canja kaɗawa da kimanin kashi 94 cikin miliyan. A na'ura mai megahaz 100 wannan haz 9,400 ke nan, alhali amsar gas ɗan kaɗan ba za ta wuce gomman haz ko ɗaruruwa ba. Maganin da aka saba shi ne a yi layi biyu a faifai ɗaya, ɗaya da shimfiɗa ɗaya babu, a riƙa karanta bambancinsu. Wannan ba ya share matsalar duka, domin shimfiɗar ita ma zafi yana canja ta, folima kuma tana rage shan tururi idan ta ɗumama. Na'urori masu inganci suna tsayar da zafin faifan a wuri ɗaya.

Danshi na biye. Tururin ruwa a iska yakan ninka gas ɗin da ake nema sau dubbai, shimfiɗu da yawa kuma suna shansa. Na'urar da aka daidaita a busasshiyar iska irin ta hunturu za ta ba da wani karatu dabam a damina, sai an auna danshin an cire tasirinsa.

Shimfiɗa tana tsufa, ƙura da maiƙo suna taruwa a kanta, karatun ya riƙa zamewa a hankali, don haka ana sake daidaita na'urar lokaci-lokaci. Igiyar Rayleigh kuma ba ta jure ruwa: ɗigo ɗaya a kan hanyarta yana shanye ƙarfinta. Don awo a cikin ruwa ana amfani da igiyoyin da ke motsa fuska gefe da gefe, kamar igiyar Love, wadda masanin lissafi ɗan Ingila A. E. H. Love ya bayyana a 1911.

Inda ake amfani da ita

Tsaro ne ya fi tura bincikenta. Gubar jijiya irin su sarin tana kisa tun tana ɗan kaɗan, hanci kuma ba ya faɗakarwa. Harin sarin da aka kai a jiragen ƙarƙashin ƙasa na Tokiyo ranar 20 ga Maris 1995 ya ƙara nuna bukatar na'urorin da jami'an agaji za su riƙe a hannu. A gwaje-gwaje ana amfani da wani sinadari mai kama da sarin amma maras haɗarinsa, mai suna DMMP. Ɗakunan bincike na Sandia sun haɗa matarin tururi da bututun rabawa da jerin na'urorin igiyar fuska a cikin akwati ɗaya na hannu.

A masana'antu ana gwada ta wajen gano yoyon haidirojin, wanda ba shi da launi ko wari, yana kuma kama wuta da zarar ya kai kashi 4 cikin ɗari na iska, da haidirojin salfaid, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wanda ke kashe jin wari idan ya yi yawa. Ana kuma amfani da ita wajen auna danshi, da duba ƙamshi da lalacewar abinci, da binciken sinadaran da ke fita a numfashin marasa lafiya.

Ana iya ƙera ta ba batir ba waya. Ana haɗa mataji da 'yar eriya, a aiko masa da siginar rediyo daga nesa, ya mayar da ita igiya, layukan ƙarfe su dawo da igiyar, matajin ya sake mayar da ita rediyo. Da yake igiyar ta fi rediyo jinkiri sau wajen 100,000, amsar tana isowa ne bayan amsa-kuwwar bango da injuna ta mutu. Wannan ya dace da wurare masu haɗari ko tsananin zafi. Kwats yana rasa amfaninsa kafin digiri 573, inda tsarin kiristal ɗinsa ke sauyawa, amma langasait yana riƙe tsarinsa har zuwa narkewarsa a kusan digiri 1,470. Irin wannan na'ura maras batir ta fi kafuwa a awon zafi. A awon gas yawancinta tana matakin bincike.

Duk da cewa matatun igiyar fuska suna cikin kusan kowace wayar hannu, na'urorin gano gas na wannan iri ba su yaɗu haka ba. A gidaje da ma'aikatu an fi amfani da masu aiki da oksaid mai zafi, ko sinadarin batir, ko hasken infrared, saboda araha da sauƙin kulawa. Igiyar fuska ta fi samun gurbi inda ake neman tururi ɗan kaɗan cikin gaggawa da ƙaramar na'ura. Ƙera faifan ya daɗe da zama abu mai sauƙi. Yawancin binciken yau yana kan samun shimfiɗar da za ta zaɓi gas ɗaya, ta sake shi, ta kuma daɗe ba ta canja ba.